Sallamar Mota Mai Fito

Ni bakanike ne, kuma a shekarun da nake ba da labarinsu babu wanda ya kai ni kunne a Dutsin-Ma. Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba, ko da yake na fi kowa yawan faɗi. Ina da wata sanda ta icen aduwa, tsawonta kamu ɗaya, wadda nake dafa bakinta a jikin inji, in kafa ɗaya bakin a kunnena. In na yi tsit na ɗan lokaci sai in ɗago in gaya wa direba inda ciwon motarsa yake, a kwance a tarar da shi a nan. Tun Turawa ba su tafi ba nake wannan aiki a wata rumfar kwano da ke bakin tasha. Motocin lokacin ba su da yawa, galibi manya ne masu bodin katako, masu shan fetur, suna kwasar gyaɗa da auduga zuwa Funtuwa ko Kano. Na san muryar kowace ɗaya. Ina zaune a rumfa zan ce ga motar wane nan tafe ta hanyar Kurfi, fulogi ɗaya ya mutu, kuma in ta iso a ga haka ne. Yabon da ake yi mini ya shige ni fiye da yadda ya kamata.

Yayana ne ya kawo ni wannan sana'a. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, 'yan Tamawa ne mu, ya girme ni da shekara shida. Shi ya fara barin gona ya bi mota, da ya samu gindin zama sai ya dawo ya ɗauke ni ya danƙa wa wani tsohon bakanike. Mutum ne marar hayaniya, irin wanda in aka taka shi shi ke ba da haƙuri. Ya fi shekara goma yana jan wata tsohuwar mota ta wani Alhaji mai fataucin gyaɗa, motar da in ta yi tafiyar kwana biyu sai ta kwanta uku. Duk tsawon lokacin ko akuya bai taɓa bugewa ba. Bai yi boko ba, bai da agogo, bai iya cika baki ba, abin da ya iya kawai shi ne ya kai kaya ya dawo lafiya. Burinsa ɗaya ne, na kuma san shi tun muna kwana ɗaki ɗaya: ya ja sabuwar mota ko sau ɗaya, wadda ba a turawa.

Direbobinmu na da wata al'ada da muke kira sallama. In direba ya iso masauki, kafin ya kashe mota sai ya danna totur har ƙasa, inji ya yi kururuwa, yana cikin kururuwar ya murɗe makulli. Mun yarda cewa hakan na barin mai a maƙogwaron inji, da safe ta tashi ba gardama. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, tsofaffin motocin nan suna jurewa, babu wadda ta taɓa kai ƙara. Bayan haka kuma sallama ta zama ado. Da ita direba ke shaida wa gari ya iso, kuma kowa da salon tasa: wani sau biyu yake dannawa, wani ya ja ta da tsawo har kajin tasha su watse. Direban da bai iya sallama ba, a wurinmu, bai gama koyon mota ba.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru Alhaji ya sayo sabuwar mota daga Kano, babba, mai shan gas. Direbobi uku ne ke zawarcinta, kowa na aika manya su yi masa magana. Alhaji ya ba yayana, wanda bai aika kowa ba. Ranar da ya shigo da ita Dutsin-Ma ina cikin rumfa, na ji wata murya da ban sani ba, na fito da sifana a hannu. Tsofaffin motocinmu ta salansa suke ihu, kana jin bugun kowane fistin daban-daban. Wannan kuwa gurnani take yi can ƙasa-ƙasa, a dunƙule, a samansa kuma akwai wani siririn fito da ke ƙara tsawo in an taka ta, ya sauka in an saki. Kafin la'asar an raɗa mata suna, mai fito. Da labarin ya kai Tamawa mahaifiyarmu ta aiko a gaya wa yayana ya yi hattara, don ita tun tasowarta ta san fito kiran iskoki ne, bare na ƙarfe.

Tafiyarta ma daban. In an taka ta sai ta ɗan yi jim kamar ba ta ji ba, sannan fiton ya tashi, ta fizgi kaya. Hawan da tsohuwar motar ke yi da giyar ƙarshe, ana bin ta a baya da wejin katako, wannan tana haye shi da cikakken lodi ba ta ko sake murya. Na buɗe bonet na duba. Komai na gane shi sai wani dunƙulen ƙarfe a gefen inji, a naɗe kamar katantanwa, bututun hayaƙi ya shiga ta nan, na iska ya fita ta can. Yanzu ko yaro ya san sunansa turbo, mu dai katantanwa muka ce masa. Na dafa sandata a kai, na ji wani sauti da ban san fassararsa ba. Mutane sun zagaye ni suna jiran in yi bayani, sai na gyaɗa kai na rufe bonet, kamar abin da na daɗe da sani.

Abin da ya fara jawo magana shi ne yayana ya daina sallama. In ya iso sai ya ja birki, ya bar injin yana gurnani a hankali, ya ciro carbinsa ya zauna a bayan sitiyari yana ja. Sai ya zagaya carbin sau uku sannan ya kashe mota, shiru, ba ko tari. Na tambaye shi, ya ce injiniyan da ya miƙa masa motar a Kano, wani mutumin kudu mai jin Hausa sosai, ya riƙe hannunsa ya ce abu ɗaya zai roƙe shi: kada ya taɓa kashe ta da zafinta, ya bar ta ta huce tukuna, kuma kada ya danna totur ya kashe. Ya gaya masa mintocin, shi kuwa ba agogo, sai suka auna tare a tsakar kamfanin, carbi uku ya yi daidai. Dalilin ne bai iya maimaita mini ba. Ya ce an dai faɗa masa, kuma ya ɗauki alkawari.

'Yan tasha ba su bar abin ya wuce ba. Da ya shigo sai ka ji ana cewa ga Liman ya iso, a jira ya sallame. Wani ya ce tsoron motar yake ji, wani ya ce ita ke tuƙa shi. Shi dai murmushi yake yi. Ni ne abin ya dama, kuma ba don shi ba. Mota mafi girma a garin tana hannun ɗan'uwana, ni nake sa mata baƙin mai, ni nake ɗaure mata birki, amma ana bin dokar wani mutum da ke can Kano a kanta, dokar da in an tambaye ni dalilinta ban da amsa. Na ji kamar kullum ana sanar da gari cewa akwai abin da ban sani ba. Da na ce ban sani ba sau ɗaya, da an wuce wurin. Girman kai rawanin tsiya ne, ni kuwa nawa ya naɗu da kyau.

Wata safiya da sanyi motar ta ƙi tashi. Aka kira ni, na zo ana kallo, har Alhaji ya turo a ji ko lafiya. Da na leƙa na ga kan batir ɗaya ya saki, ya yi fari. Na kankare shi, na ɗaure, aikin da bai kai shan kofin shayi ba, kuma jikina ya kare hannuna babu wanda ya ga abin da na yi. Ta tashi a murɗawar farko. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na miƙe na share hannu, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai dole ta ƙi tashi, mota ce da ake kwantar da ita kullum ba sallama.

Yayana ya matso kusa da ni ya rage murya.

"An hwaɗa mani kar in yi hwa," in ji shi.

"Wa ya hwaɗa maka, Yaya? Mai saida mota? Shi so yake ta lalace a komo a sayi wata. Ni da shi wa ya hi sanin inji?"

Na haye kujerarsa, na danna totur har ƙasa, fiton ya tashi ya cika tasha, na fizge abin kashewa. Injin ya tsaya, amma fiton bai tsaya ba. Ya ci gaba shi kaɗai, yana sauka a hankali, yana sirancewa, har ya ɓace. Ba mu taɓa jin mota ta yi haka ba. Tasha ta ɗauki sowa, aka ce wannan ita ce sallamar da ta fi ta kowa. Na sauko ina jin kaina a sama. Yayana ya dubi motar, ya dube ni, ya ce to, tunda ni ne masani. Ya mai da carbinsa aljihu.

Daga ranar ya koma yin sallama kamar kowa. Mutane har tsayawa suke yi a Kurfi da Dutsin-Ma don su ji yadda fiton ke mutuwa a hankali, aka daina ce masa Liman. Ban ce bai ji daɗin hakan ba, ɗan Adam ne. Amma bayan 'yan watanni ya zo rumfata da rana, lokacin da ba kowa, ya ce muryarta ta sake. Fiton ya yi kaushi, tana shan baƙin mai fiye da da, hayaƙinta kuma ya koma shuɗi-shuɗi. Na dafa sandata a katantanwar. Na ji shi sarai, wani karce-karce kamar ana wanke tukunya da yashi. Kunnena bai yaudare ni ba, ya gaya mini ƙarfe na cin ƙarfe. Da injin da na sani ne, da a take zan ce a ajiye makulli. Amma in na ce akwai ciwo dole a tambayi mafarinsa, ni kuwa zuciyata ta riga ta fara raya mini mafarin. Sai na ce masa sabuwar mota ce take buɗe murya, kamar yaro in ya fara balaga. Na ƙara mata mai, na sallame shi.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar. Ranar kasuwar Kurfi ce, ya ɗauko gyaɗa zai wuce Katsina, ni kuma na bi shi don in sauka in ƙarasa Tamawa in gaida mahaifiyarmu. Hantsi ya ɗaga muka shiga gari. Ya tsaya a bakin kasuwa, ya danna totur don sallama, ya ɗage ƙafa, amma injin bai sauko ba. Ya ja abin kashewa, ya sake ja, ya cire makulli ya riƙe a hannu, ita kuwa sai ƙara hawa take yi. Fito ya koma ƙara mai huda kunne, farin hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin bodin. Kasuwa ta watse. Mata suka zubar da ƙoren nono, jakuna suka tsinke igiya, ina jin ana salati ana cewa iskokin motar ne suka tashi. Ni, masanin inji, na dira na ruga tare da masu tallan ƙosai. Da na waiwaya sai na hango yayana a cikin hayaƙin, ya tuɓe rigarsa yana neman inda zai cusa ta ya toshe mata numfashi. Bai kai ga samu ba aka ji wata irin bugawa, sannan shiru. Da hayaƙin ya lafa muka ga rami a gefen injin wanda kan mutum zai shiga, baƙin mai yana malala a ƙasa. Ya tsuguna a gaban motar, tafukansa duk sun sale.

Bayan kwana uku kamfanin ya turo injiniyan nan, shi da kansa. Aka jawo motar zuwa ƙofar gidan Alhaji, aka taru, ni ma aka kira ni. Ya kwance katantanwar ya buɗe ta a kan tabarma, kuma a nan na samu karatun da ya ciyar da ni sauran rayuwata. Ya nuna mana 'yar farfela biyu a kan sanda ɗaya. Ya ce hayaƙin da sauran motoci ke zubarwa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta riƙa ɗura wa injin iska, shi ya sa take da ƙarfi, kuma gudun farfelar ne muke ji kamar fito. Ya ce tana juyawa da gudun da ido ba ya gani, cikin zafin wuta, abin da ke hana ta cin kanta kawai shi ne baƙin man da injin ke turo mata. In aka danna totur aka kashe, man ya yanke, ita kuwa tana kan gudu a bushe. Wato dogon fiton nan da muke yi wa sowa, kukan ƙarfe ne da ba mai. Da ta gama cinyewa sai man ya samu hanya ya kwarara cikin injin, injin gas kuwa in ya samu man da zai sha ba ruwansa da makulli.

Sannan ya juya ga yayana, ba da faɗa ba, ya tambaye shi ko bai gaya masa ba.

"Ka hwaɗa mani," in ji yayana.

"To me ya sa?"

Yayana ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa da aka naɗe da tsumma. Rabin mutanen da ke wurin sun san amsar, suna tasha ranar da na haye kujerarsa. Amma a garinmu ba a shiga tsakanin wa da ƙane, suna jira ne ɗayanmu ya buɗe baki. Alhaji ya dube ni ya ce, Malam, kai da kake duba ta kullum, ba ka lura da komai ba? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Alhaji, ni gyara ne nawa. Tuƙi na direba ne."

Yayana bai ɗago ba. Kamfanin ya ce babu ruwansa tunda an karya doka da gangan. Alhaji bai zage shi ba, ya dai miƙa hannu ya karɓi makullin, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Labari ya riga shi zuwa ko'ina. Daga Dutsin-Ma har Katsina an san shi da wanda aka ba sabuwar mota ya kashe ta a wata bakwai, bayan an ja masa kunne. Shekara goman da ya yi bai buge akuya ba babu wanda ya ƙara tunawa da ita. Ya yi ta zagayen masu motoci har damina ta faɗi, kowa na ce masa ya dawo jibi. Daga ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma Tamawa, ya ɗauki garmar da ya ajiye tun yana saurayi. Lasin ɗinsa yana nan a cikin wani gwangwani a ɗakinsa, na sha ganin yana fito da shi yana gogewa. Bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Ni kuwa gaba na ci. Motoci masu katantanwa suka yi ta ƙaruwa, kuma a yankinmu ni kaɗai na taɓa ganin cikinta. Har daga Makera da Dabawa ake aiko mini in akwai mai fito da ta tsaya a hanya. Duk direban da ya zo sai na zaunar da shi na ja masa kunne: kada ka kashe ta da zafinta, ja carbi sau uku tukuna. Suka riƙa cewa dabarar Malam ce, ban taɓa gyara musu ba. Ina zuwa Tamawa duk sallah, ya tare ni da fara'a, ya sa a dama mini fura, ya cika mini buhu da gero in zan tafi. Sau da yawa na shirya maganar tun daga Kurfi, in na ga fuskarsa sai in ce bari dai wani zuwan. Da ya taɓa yi mini gori ko sau ɗaya da na samu ƙofa. Bai yi ba, ni kuma na mai da shirunsa wurin ɓuya.

Sai da muka tsufa duka. Ciwon ƙafa ya kama shi, na je da wata 'yar tsohuwar motata na kai shi asibiti a Katsina, muka dawo da yamma. Na tsaya a ƙofar gidansa, na ja birki, na bar injin yana aiki, don ya zame mini jiki, ko wace irin mota na ja sai na jira. Ya saurara kaɗan, ya karkata kai irin na tsohon direba.

"Wannan ai ba ta da katantanwa," in ji shi. "Mi kake jira?"

Na riƙe sitiyarin da hannu biyu. Na ce masa, Yaya, motar nan ta Alhaji ni na kashe ta. Na gaya masa zancen kan batir, na gaya masa abin da sandata ta jiyo mini ranar da ya zo rumfa, na ce ya yafe mini. Ina magana, shi kuwa yana kallon gaba ta gilashi, har na gama.

"Na sani, ai ina wurin," in ji shi. "Yahiya kuwa na yahe maka tun ba yau ba. Ranar nan ce dai, a ƙohwar gidan Alhaji, na so ka hwaɗi. Ina ta jira."

Ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafar mai ciwo a hankali, ya dogara sandarsa. Sannan ya leƙo ta taga ya ce in kashe motar haka nan, ta huce.